Littafin da Aka Ce Kada Mu Kai Suki

Ana sallame sallar asuba muka bar Managil, mu uku da kwali biyu. Ni ce, da ƙanena mai zana mana bangon littattafai, sai ƙawata da ke duba mana kurakuran rubutu. Abin da ke cikin kwalayen sabon littafinmu ne, na farko da 'yar madaba'armu ta fitar tun da yaƙi ya koro mu daga Madani. Ku da ke cikin zaurenmu na waya kun daɗe kuna tambaya ko mun rufe. Ba mu rufe ba. Wasu ma sun ba mu shawarar mu rufe ɗin, wai mutanen da suka ga abin da muka gani ba su buƙatar labarin tsoro. Na ji, na gode, ban karɓa ba.

Ga waɗanda suka shigo kwanan nan: labaran ban tsoro kaɗai muke bugawa, kuma da Hausa. Kowane littafi in ka buɗe ta dama ajami ne, in ka buɗe ta hagu boko ne, don mutanenmu na nan haruffan Larabci suka sani, 'yan'uwanmu na Nijeriya da Nijar kuma boko. Labarin farko a sabon littafin na wata tsohuwa ne, Habboba Kulu, wato Kaka Kulu da Larabcin nan, a wani ƙauyen Hausawa kusa da Suki. Ba ta karatu, ba ta rubutu. Surukarta ce ta riƙa ɗaukar muryarta a waya tana turo mini gutsure-gutsure, lokacin suna gudun hijira a wata makaranta a Gadarif. Na yi mata alkawarin ranar da littafin ya fito ni da kaina zan sa mata shi a hannu.

Saura kwana uku mu tashi sai ga saƙo daga babban ɗanta, Ustaz Hamza, malamin makaranta. A taƙaice ya ce kada mu zo, kuma a cire labarin mahaifiyarsa daga littafin. Bai faɗi dalili ba. Na kwana biyu ina juya maganar, daga baya na amsa masa cewa zan zo. In ita da bakinta ta ce a cire, a gabanta zan yage shafukan.

Motar Madani ta cika tun kafin rana ta fito. Kuɗin mota ya ninka yadda na san shi har na daina lissafi, kuma kusan ba mai takardar kuɗi a hannu, kowa ta waya yake turawa. Kwandastan ya yi rabin tafiyar hannunsa a waje ta taga, yana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, yana neman sabis. An sa mu biya wa kwalayen kujera guda. Ƙanena ya ce wannan ne karo na farko da aka girmama aikinsa.

A gefen hanya, wasu gonakin da muke kira hawasha sun yi dawa har ta sunkuyar da kai, wasu kuma ciyawa ta cinye su. Tur'a, wato magudanar ruwan noma, ta toshe a wurare da yawa, kana ganin ruwa tsaye kore shar. A wani wuri mun ga maza kusan ashirin cikin laka har gwiwa suna yashe ta da hannu da fartanya. Ba wanda ya aiko su. Sun gaji da jira ne.

A Madani muka sauka, na ce sai na ga shagonmu. Ƙawata ta ce in bari, na ƙi. Ƙofar babu ita. Injin bugawa babu shi, har wayoyin wuta an zare daga bango. Injin yanka takarda ne kaɗai ya rage saboda nauyinsa, shi ma an cire masa wuƙa. Mai shayin da ke maƙwabtaka da mu ta dawo, ta rungume ni muka daɗe a tsaye. Ita ta tabbatar mini da abin da na ji a waya, cewa marubucinmu mai labarin tsohuwar rijiya ya rasu a annobar amai da gudawa, an binne shi a ƙauyen matarsa. Allah ya jiƙansa. Ku da kuka karanta shi ku sa shi a addu'a.

Ta zuba mana shayi da madara, ta naɗe mana zalabiya, wani irin fanke, mai zafi a takarda. Ƙawata ta warware takardar tana ci, sai na ga ta tsaya ta ƙura mata ido. Shafi ne daga littafinmu na biyu. Mai shayin ta ji kunya, ta ce a watse ta tsince su a titi. Ƙawata kuwa ba wannan ya dame ta ba. Yatsa ta ɗora a kan wani layi da mai ya jiƙe, ta ce, "Kin gani? Na ce miki akwai kuskure a nan." Muka yi dariya har mutane na waigowa. Kafin mu tafi na sa ƙanena ya auna faɗin ƙofar da igiya. Za mu dawo shagon nan, ko da tabarma za mu rataya a bakinsa.

Daga Madani zuwa Sennar shingen bincike ya fi bishiyoyin hanya yawa. A yawancinsu leƙowa kawai ake yi a duba katin shaida. A wani shinge da ke gefen babbar tur'a ne aka ce a sauke kwalaye. Mai binciken ya yanke igiya, ya zaro littafi. Bangon hoton mace ne tsaye a bakin ruwa ta juya baya, gashinta na ɗiga. Ya buɗe ta dama, ya ga haruffan da ya sani, ya fara haɗa baƙi, bai ji ko kalma ɗaya ba. Fuskarsa ta sauya.

"Wannan laya ce ko me?" ya tambaye ni da Larabci.

Na ce labari ne, da Hausa.

"To faɗa mini abin da ke ciki."

Haka na tsaya cikin rana, fasinjoji sun kewaye ni, ina fassara shafin farko na labarin Habboba Kulu. Labarin wata mata ce da ke tsayawa a ƙofar ruwa ta tur'a da tsakar rana, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Ba ta juyowa. In manomi ya zo buɗe wa gonarsa ruwa, sai ta tambaye shi da muryar mahaifiyarsa, "Ɗan wa ne kai?" Ina kawowa nan mai binciken ya kalli tur'ar da ke bayansa, ya kalli agogo, ya ce ya isa haka, shi a nan yake wuni. Ya mayar mini da littafin da hannu biyu.

Mun koma mota ana ta dariya, sai wani mutum a kujerar baya ya ce, ba da ƙarfi ba amma yadda zan ji, "Fallata da tsafe-tsafensu." Fallata shi ne sunan da ake kiran irinmu da shi a nan. Ƙawata ta matse mini hannu. Na juya na ce masa kakana yana cikin waɗanda suka haƙa tur'ar nan da yake shan ruwanta, kuma da cebur ya haƙa ta.

A kasuwar Sennar muka ci abincin rana, kisra, wato siririyar gurasar dawa, da miyar kuɓewa busasshiya, da soyayyen kifi wanda tsadarsa ta sa muka raba ɗaya mu uku. Nan wani mai karatunmu daga Maiurno ya same mu, tela ne, ya zo a kan babur. Ya karɓi littafi ashirin zai raba wa 'yan zaurenmu na can. Ya ce a unguwarsu littafinmu na farko guda ɗaya ya rage, ya zaga gidaje har bangonsa ya rabu, shi ya ɗinke shi da keken ɗinki. Na roƙe shi ya turo mana hotonsa.

Mun haye gadar madatsar ruwa, kogi a cike yana ruri a ƙarƙashinmu, muka bi gabas zuwa Suki. Hanyar ta lalace, ramukan da damina ta bari sun bushe sun zama kamar turmi. A gidan wata gwaggonmu muka kwana. Da safe muka hau karo, amalanken jaki, zuwa ƙauyen. Jakin ba ya sauri, mai shi ma ba ya sauri, muka yi ta ratsa gonakin riɗi da aka yanke aka jingine dami-dami.

A bakin gidan muka tarar da Ustaz Hamza, dogo, da farar jallabiya mai guga. Ya tarbe mu yadda ake tarbar baƙi, ya shimfiɗa mana tabarma a rumfa, matarsa ta kawo gahawa a jabana, 'yar butar ƙasa, ba ta haɗa ido da kowa ba. Sai da muka sha kofi biyu sannan ya yi magana.

"Ustaza, na ce kada ki zo."

"Na ji, Ustaz. Alkawari na yi wa Habboba."

Ya kira ƙaninsa, wani magidanci mai kimanin shekara arba'in, ya zo ya zauna. Ustaz Hamza ya ce in yi masa magana ta gefen hagu. Na gaishe shi, bai ji ba. Sai Ustaz ya ba ni labari. Lokacin gudu, an tare ƙanin nasa a hanya, aka sami takarda a aljihunsa da ajami. Wasiƙa ce da mahaifinsu ya rubuta kafin ya rasu, yake yawo da ita. Waɗanda suka tare shi ba su iya karanta ta ba, suka ce ko sihiri ne ko saƙon abokan gaba. Kwana huɗu suka riƙe shi. Da ya dawo, kunnen nan na hagu ya mutu.

"Wasiƙar uba ke nan," in ji shi. "Ke kuma kin zo da littafi guda, da hoton aljana a bango, da sunan uwata da sunan garinmu. Kin san abin da ake faɗi a kanmu. Mi kike so in ce in an zo tambaya?"

Na kalli ƙanin nasa yana murmushi don bai san me ake cewa ba, na ji kunya ta rufe ni.

Daga cikin ɗaki sai muka ji murya. "Hamza! Idona ne yam mutu, ba kunnena ba. Shigo min da baƙina."

Tana zaune a kan gadon igiya, 'yar ƙarama, fari ya rufe idanunta biyu. Na durƙusa na gaishe ta, na sa mata littafin a hannu. Ta shafa shi gaba da baya, ta sansana, ta auna nauyinsa. "Duk maganata ce wagga?" Na ce shafi goma sha biyu na farko nata ne. Ta ce to a fito da ita rumfa, a karanta mata.

Kafin a gama gyara mata wuri mata sun cika gidan. Har da wata maƙwabciyarsu Balarabiya da gonarsu ke jikin tasu, wadda ke jin Hausa sama-sama. Ustaz Hamza ya tsaya daga bakin zaure, hannu a harɗe. Na fara karatu. 'Yan matan kan tsayar da ni su tambayi ma'anar wata kalma, tsofaffi su fassara musu da Larabci suna yi musu tsiya. Da na kai wurin tambayar, maƙwabciyar ta tafa hannu ta ce wannan matar ai tasu ce, kakarta ta sha ba su labarinta. Habboba ta ce, "Ku taku da wane baki take tambaya?" Aka kwashe da dariya.

A labarin, wani manomi da ya daɗe yana ɓoye asalinsa ya amsa wa matar da sunan da ba na ubansa ba. Ba ta yi masa komai ba. Ya buɗe ruwansa, ya koma gida. Yana shiga matarsa ta ja mayafi ta ce wane ne wannan. 'Ya'yansa suka ɓuya a bayanta. Ya zaga gari kaf, ba wanda ya san fuskarsa, har liman. Na ci gaba zuwa sakin layi na ƙarshe, inda wani malami ya zo ya yi masa addu'a kwana bakwai, mutane suka gane shi, ya tuba.

"Tsaya," in ji Habboba. "Wa yak kawo malamin ga?"

Ta juyo da fuskarta wajena.

"Ɗiyata, da ke nike. Ni ban hwaɗi malami ba. Mutumen ya koma bakin tur'a ya zamna, har yau shina nan shina jiran wanda za ya kira sunanai. Nan labari yaƙ ƙare. Wa yaƙ ƙara?"

A gaban mata kusan talatin na ce ni ce. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko ƙawata mai duba rubutu ba ta ji muryar asali ba. Na ƙara shi ne don ina tsoron a ce littafinmu babu Allah a cikinsa, a ce ga irin abin da Hausawa ke bugawa. Na ga in na rufe da addu'a bakin mutane zai mutu.

"Addu'a gaskiya ce," ta ce, "ni ma ita ka riƙe da ni. Amma ba ki tambaye ni ba." Ta juya fuskarta wajen zaure, daidai inda ɗanta yake, kamar tana ganinsa. "Kai ka ce a cire, ita ta yi mai kwaskwarima. Ku biyu tsoro guda ad da ku."

"Inna," in ji Ustaz Hamza, "ke kina ɗaki. Mu ka fita hanya."

A hankali ta amsa masa. Ta ce gaskiya ya faɗa, kuma ba ta manta kunnen ɗanta ba. Ta ce a bakin uwarta ta ji labarin nan, suna tsinkar auduga. A makarantar Gadarif, in yara suka ji ƙarar jirgi suka fara kuka, shi take ba su, su taru a jikinta su yi shiru. "Tsoron labari, in an ce ƙurunƙus ya ƙare. Wancan na sama ba mai ce mai ƙurunƙus. Sun ƙwace muna awaki, sun ƙwace muna ƙofofi. Wanga ban ba kowa. A bar sunana, a ƙara da na ubana."

Ba zan yi muku ƙarya in ce ya sauko ba. Ya fita ya bar gidan, sai bayan azahar ya dawo. Ya same ni a rumfa ya ce har yanzu bai yarda ba, amma ba zai ja da mahaifiyarsa ba. Ya kafa sharaɗi biyu. Na ɗaya, ba za a sayar da littafin a kasuwar ƙauyen ba, sai dai a bar guda goma a gidaje. Na biyu, bugu na gaba sai an sa fassarar Larabci kusa da Hausar, yadda duk wanda ya tare ɗanmu da shi a hanya zai karanta da idonsa ya ga labari ne. Na ce ko ni zan fassara. Ya ce a'a, ya ji Larabcina, na kasuwa ne, shi zai yi. Na karɓi duka biyun, don duka biyun sun fi nawa tunanin.

Sauran yinin a kan tabarma muka yi shi, mu uku da surukar Habboba, kowa da biro. Muka fito da littattafan ɗaya bayan ɗaya muna soke sakin layin da na ƙara, a ajami da a boko. Da muka kusa gama kwali na farko ƙawata ta ce wannan ne kuskure mafi girma da ya taɓa wuce ta. Mutanen Maiurno, ku da littafinku ya riga ya isa hannunku, ku ɗauki biro ku soke sakin layin ƙarshe na labarin farko, daga inda malami ya shigo. Ba na mai labarin ba ne.

An ciyar da mu tuwon dawa da miyar kuka irin wadda rabona da ita tun kakata na da rai. Da za mu tafi washegari Habboba ta riƙe hannuna ta ce tana da wasu guda huɗu, amma in na sake taɓa mata ƙarshe, matar tur'a za ta zo har Managil ta tambaye ni.

Dawowa ta fi tafiya sauƙi, don kwalayen sun yi sako-sako. Mun bar wasu a Suki wurin wani mai kantin magani, wasu a Madani wurin mai shayi, da sharaɗin wannan karon ba na naɗe zalabiya ba ne. Ana kiran magariba muka shiga Managil, ƙafafuna sun kumbura, yatsana ya yi baƙi da tawada.

Na tafi Suki da shirin tsayawa a gaban mutumin da nake zaton yana son rufe mana baki. Na tarar da mutum mai dalili, na kuma tarar cewa tun kafin ya aiko saƙonsa ni na riga na rage wa tsohuwar murya, a ɗakina, ba wanda ya tilasta ni. Wannan shi ne abin da na dawo da shi, kuma ya fi kwalayen nauyi. Daga yau duk labarin da aka ba mu da baki, sai an karanta wa mai shi ya ce haka ne kafin ya shiga inji. Masu cewa mu bar labarin tsoro, da masu cewa mu bar Hausa, da masu cewa mu sassauta don kada a yi magana a kanmu, amsarku ɗaya ce. An daɗe ana magana a kanmu ba mu ce komai ba. Yanzu mu za mu yi maganar, da sunayenmu a rubuce.